Sauya Gilashin Gaban Tsohuwar Mota Mai Tsatsa: Nasiha ga Matasa

Gilashin gaban mota yana zaune ne a kan wani siririn leɓen ƙarfe da ya kewaye bakin tagar. A wannan leɓen aka haɗa fallen rufi da ginshiƙai biyu na gefe da ƙarfen da ke ƙarƙashin waifa, aka ɗinke su da walda. Faɗinsa bai wuce yatsa ɗaya ko biyu ba, kuma a yawancin ƙananan motoci kaurin kowane falle bai cika milimita ɗaya ba. Muddin fentin da ke kansa yana nan lafiya, sauya gilashi aikin awa ɗaya ne ko biyu. Idan tsatsa ta kama shi, aikin ya tashi daga hannun mai gilashi shi kaɗai, sai an sa da fanelbita, wani lokaci har da mai walda da mai fenti, kuma motar na iya kwana uku a gareji. Matashin da ya sayi motarsa ta farko da yaron da ke koyon sana'a a gaban maigidansa duk suna bukatar sanin wannan tun kafin a taɓa tsohon gilashin, domin yawancin rigimar da ake yi tsakanin mai mota da mai gyara a kan wannan leɓen take tashi.

Hanyoyin riƙe gilashi iri biyu ne. Ta farko ita ce roba mai kauri, mai rami biyu, ɗaya yana cizon gilashi, ɗaya yana cizon leɓen ƙarfe. Ita ce a jikin Fijo 504, wadda ta fito a Faransa a 1968 aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a kamfanin Fijo na Kaduna da ya soma aiki a 1975. Ita ce kuma a Volkswagen Beetle da Marsandi W123. Hanya ta biyu ita ce liƙa gilashin da wani baƙin gam mai suna yuretan, kuma ita ce a kusan duk motocin da aka ƙera daga shekarun 1990, irin su Golf 3 da Sharan da Corolla da Accord waɗanda suka cika tashoshin mota a Arewa. Robar da ake gani a gefen gilashin irin waɗannan motoci ado ce kawai da tare ƙura, gam ɗin da ke ciki shi ke riƙe komai.

Bambancin nan ba ƙarami ba ne. A motar da aka liƙa wa gilashi, gilashin ya zama wani ɓangare na ƙarfin bodi. Yana taimaka wa rufi kada ya lotsa idan mota ta kife, yana hana mutanen ciki fitowa ta gaba, kuma a motoci da yawa jakar iska ta gefen fasinja gilashin take dafawa idan ta fashe kafin ta tare mutum. Gilashin da aka liƙa a kan tsatsa yana iya shekara bai nuna komai ba sai ɗan yoyo, ranar da aka yi karo kuwa ya fice gaba ɗaya, da gam ɗinsa da ɓawon tsatsa manne a jikinsa.

Tsatsa tana samuwa idan ƙarfe tsirara ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana ƙara mata sauri. Busasshiyar ƙasa irin Kano ko Katsina ko Damagaram tana yi wa ƙarfe sauƙi, shi ya sa ake ganin 504 mai shekara talatin da ƙasanta garau. Amma yawancin motocin da matasa ke iya saya ba a nan suka yi ƙuruciyarsu ba. Motocin da ake kira Beljiyam sun yi shekaru a ƙasashen Turai inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, sannan suka hau jirgin ruwa, suka zauna a tashar Kwatano ko Legas cikin iskar teku. Wadda ta yi aiki a Legas ko Fatakwal kafin a kawo ta Arewa ita ma ta kwaso rabonta.

Sai dai babban abin da ke jawo tsatsa a bakin gilashi shi ne hannun wanda ya sauya gilashin a baya. Wuƙa ko waya ko sukuddireba ta kankare fenti, ba a shafa komai a wurin ba, aka ɗora sabon gilashi aka rufe. Ruwan damina da na wankin mota suna gangarowa su kwanta a ƙarƙashin roba, musamman a kusurwoyin ƙasa guda biyu da tsakiyar sama. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya suna toshe ramukan da aka yi don ruwa ya fita a ƙarƙashin waifa, su zama laka mai riƙe danshi. Tsatsar da ta soma a nan takan yi shekaru tana ci a ɓoye.

Akwai alamun da ke nuna ta tun gilashi yana wurinsa. Fenti ya kumbura ƙuraje-ƙuraje a gefen roba. Jan ruwa ya bar sawu a kan fenti ko a kan ginshiƙi ta ciki. Kafet yana jiƙewa bayan ruwan sama, mota tana warin ruma, gilashi yana yin gumi ta ciki da safe. Ana jin fiton iska idan mota ta ɗauki gudu. Alama mafi muhimmanci ita ce tsagewar da ta taso daga gefen gilashi ba tare da tabon dutse ba. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa girma, saboda haka tana kumbura ta danna gefen gilashi har ya tsage. Wanda ya sauya irin wannan gilashi bai taɓa ƙarfen ba, sabon ma a wurin zai tsage. Abin da ido ya gani a waje kuma kullum kaɗan ne daga abin da ke ciki: ƙurji ɗaya a gefen roba yakan zama tsatsa mai tsawon taƙi idan an buɗe.

Saboda haka ciniki ake fara gyarawa kafin a ɗauki kayan aiki. Mai gyara nagari yana gaya wa mai mota tun farko cewa kuɗin gilashi da sawa daban, kuɗin gyaran ƙarfe daban, kuma na biyun ba a iya yanke shi sai an cire gilashi an gani. Yana kiran mai motar ya ga leɓen da idonsa, ko ya ɗauki hoto da waya ya tura masa. Mai mota kuma bai kamata ya kai irin wannan aiki ana gobe zai yi tafiya ba, ko da kuɗin gilashi cif-cif a aljihu. Gaggawa da ƙarancin kuɗi su ke sa a yi rufa-rufa, kuma sau da yawa mai motar ne da kansa yake cewa, “Malam, liƙa min haka nan, in ya so daga baya a duba.” Yaron gareji ya kamata ya koyi ba da haƙuri a nan. Idan aka liƙa, ba a sake dubawa sai gilashin ya sake fashewa, kuma sunan wanda ya liƙa ne zai ɓaci.

Wajen cirewa, ana fara kwance waifa da murfin da ke ƙarƙashinta da madubin ciki da robobin ginshiƙai, a rufe dashbod da kujeru da tsohon bargo ko kwali. Idan gilashin na roba ne kuma robar ta bushe ta tsattsage saboda rana, yanka ta ake yi da wuƙa a ɗaga gilashin a hankali. Tura shi da ƙafa daga ciki yana lanƙwasa leɓen da tsatsa ta riga ta raunana. Idan na gam ne, ana zura siririyar wayar ƙarfe ta huda gam ɗin, mutum ɗaya a ciki ɗaya a waje, suna ja suna yankawa. A wurin da ƙarfe yake lafiya ba a kankare tsohon gam har ƙasa, ana aske shi ne a bar kamar milimita ɗaya ko biyu, domin sabon yuretan yana kama tsohon da kyau. A wurin da tsatsa ta shiga ƙarƙashinsa kuwa, da hannu ma yake ɓantarewa, kuma dole a bi shi ana cirewa har a kai inda ya kama fenti mai lafiya.

Daga nan sai a duba zurfin ɓarnar. Mataki na farko shi ne tsatsar sama, ja-ja, wadda ba ta ci ƙarfe ba. Wannan sanfefa da burushin waya sun ishe ta, a goge har farin ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Mataki na biyu shi ne inda ta yi ramuka ƙanana a jikin ƙarfen. Nan ne aka fi yin kuskure, domin burushi yakan goge saman ya yi sheƙi alhali baƙar tsatsa tana kwance a gindin kowane rami. Sai an bi ramukan da ƙaramin dutsen garanda ko feshin yashi, abin da ya rage a shafa masa ruwan maganin tsatsa, wanda yawancinsa asid ɗin fosforik ne, a bar shi ya yi aiki, a goge sauransa, a busar sarai. Mataki na uku shi ne inda ƙarfe ya huje ko ya yi laushi har tsinin sukuddireba yana shiga idan an danna. Wannan ba shi da magani sai yankewa. Ana yanke ruɓaɓɓen wurin har zuwa ƙarfe mai lafiya, a sassaƙa sabon falle mai kauri ɗaya da na asali, a lanƙwasa shi daidai da siffar leɓen, a yi walda.

Waldar wannan wuri tana son haƙuri. Wutar kabaid da fanelbitoci suka saba da ita tana zafafa wuri mai faɗi, siririn ƙarfe kuma yana murɗewa da zafi. Idan leɓe ya karkace da 'yan milimita kaɗan, gilashi ba zai zauna daidai ba, wani gefe ya danne wani ya yi rata. Shi ya sa gwanaye suke ɗiga walda ɗigo-ɗigo, suna tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, suna barin ƙarfe ya huce. Kafin a kunna wuta ana janye rufin ciki da wayoyin da ke bi ta ginshiƙi, a cire kan batir idan waldar lantarki ce, a ajiye ruwa kusa, domin soso da ƙyallen rufi suna kamawa nan take. Tartsatsin garanda kuma yana nutsewa a jikin gilashi ya bar tabon da ba ya gogewa, don haka sauran tagogi a rufe su, sabon gilashi kuma a ajiye shi nesa. Idan ɓarnar ta yi tsawo, ya fi sauƙi a je wurin 'yan gwangwan, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko makamantansu, a yanko wannan sashe daga bodin mota irinta mai lafiya, domin lanƙwasar kamfani ba ta yiwuwa da guduma sai da wahala.

Abin da ba a yarda da shi ba shi ne cike rami da foti. Foti yana da wurinsa a fuskar bodi, inda aikinsa daidaita lotsawa ne kafin fenti. A kan leɓen gilashi ba shi da ƙarfin riƙe komai, yana shan danshi, kuma gam da aka ɗora a kansa ƙarfinsa bai wuce na fotin ba. Yin haka kamar yaɓa siminti ne a kan katangar da gara ta cinye. Haka ma toshe rami da ƙyallen faiba ko guntun gwangwani da gam. Irin wannan aiki ne ake kira gyaran gangar Auzinawa, domin mai gyara na gaba sai ya fara kwashe shi kafin ya kai ga ainihin ɓarnar, wadda a lokacin ta ninka.

Farin ƙarfe ba ya jira. Da zarar an gama gogewa, a ranar ake rufe shi, musamman da damina. Ana wanke maiƙo da ƙura, a fesa faramar efoksi mai haɗi biyu, a bar ta ta bushe iya lokacin da kamfaninta ya rubuta. Wurin da ido zai gani ana bin sa da fentin mota, amma layin da gam zai zauna ana rufe shi da tef kada sabon fenti ya hau, domin ɗanyen fenti yana ɓantarewa daga ƙarƙashin gam. Jan fentin ƙofa da na gwangwanin feshi ba sa maye gurbin wannan farama. Bayan leɓen, ta ciki inda aka yi walda, shi ma yana bukatar shafi, in ba haka ba tsatsa ta can za ta dawo.

Gilashin kansa yana bukatar dubawa. Na gaba dole ya zama mai falle biyu da siririyar leda a tsakani, dabarar da wani Bafaranshe masanin sinadarai, Édouard Bénédictus, ya yi wa rajista a 1909. Idan ya fashe ledar tana riƙe gutsattsarin. Na gefe da na baya yawanci gasasshen gilashi ne mai wargajewa ƙanana-ƙanana, gilashin tagar gida kuwa ba shi da wuri a mota ko kaɗan, ko da motar mai shimfiɗaɗɗen gilashi ce. A kusurwar gilashi akwai tambari: harafin E da lamba a cikin da'ira tare da 43R yana nuna ya cika ƙa'idar da Turai ke bi, AS1 kuma ita ce alamar Amurka ta gilashin gaba. Gilashin Beljiyam na asali sau da yawa ya fi sabo mai araha zama daidai, amma a duba gefensa ko ya yi fari-fari, alamar ruwa ya shiga tsakanin fallayen, a duba sawun waifa da ƙananan tabon yashi da ke watsa hasken fitilar mota mai zuwa da dare. Ana ɗaukar gilashi a tsaye, ba a kwantar da shi a bayan Keke Napep a bi da shi hanya mai gargada. Kafin a buɗe gam kuma ana ɗora shi a bushe a ga zamansa, a sa alama da tef, domin bayan walda wannan gwaji ne kaɗai ke nuna ko leɓen ya koma siffarsa.

Sa gilashin roba aikin mutum biyu ne da igiya. Ana sa robar a jikin gilashi, a cusa igiya mai ƙarfi cikin ramin da zai ciji ƙarfe, bakinta biyu su haɗu a tsakiyar ƙasa. A shafa ruwan sabulu, a ɗora gilashi daga waje, na ciki yana jan igiya sannu a hankali tana ɗago leɓen roba ta ɗora shi a kan ƙarfe, na waje yana dannawa da tafin hannu daidai inda igiyar take. Ba a shafa giris ko baƙin mai, suna lalata roba. Tsohuwar robar da ta ƙandare ba a mayar da ita don tsimi, ita ce za ta sake shigar da ruwa kan ƙarfen da aka sha wahalar gyarawa.

Na gam ya fi son tsabta. Ana goge gefen gilashi, wato baƙin zanen nan da ke kewaye da shi wanda ke kare gam daga hasken rana, a shafa masa ruwan sharewa da baƙar faramar da ke tafiya da irin gam ɗin, a shafa ta kuma a duk inda aka gyara a jikin ƙarfe. Daga nan hannu ba ya sake taɓa wurin. Ana yanka bakin bututun gam ya fitar da layi mai tsini, tsayinsa kamar santimita ɗaya, a zagaye da shi ba yankewa, a haɗe bakin da kyau. Mutum biyu su ɗora gilashi sau ɗaya bisa alamar tef kafin gam ya yi fata, su danna a hankali. A duba ranar lalacewar gam a jikin bututun kafin saye, domin wanda ya daɗe a shago cikin zafi ba ya kamawa yadda ya kamata. Silikon, wanda ake yawan kawowa a madadinsa don arha, ba shi da ƙarfin wannan aiki, kuma irin mai warin tsami yana fitar da asid lokacin bushewa wanda ke cin ƙarfe. Gam da faramar nan suna da sinadarai masu cutar da huhu da fata, don haka a yi aikin a wuri mai iska, da safar hannu, kamar yadda garanda take bukatar tabarau.

Yuretan da danshin iska yake bushewa. Wannan yana da muhimmanci a ƙasar Hausa, domin a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙamas kuma safiya take da sanyi, gam ya fi jinkirin kamawa fiye da damina. Kowane iri yana da lokacin da kamfaninsa ya rubuta kafin a tuƙa mota, kuma a tsohuwar motar da aka yi wa walda barin ta ta kwana ya fi. Ana riƙe gilashin da tef ta sama kada ya zame, a bar tagogin gefe a ɗan buɗe don kada bugun ƙofa ya tura iska ta huda ɗanyen gam, a guji hanya mai ramuka da wankin injin feshi na kwana ɗaya ko biyu. Bayan haka a zuba ruwa a hankali daga rufi, mutum yana ciki yana duba kusurwoyi da ƙarƙashin dashbod, inda akwatin fiyus da wayoyi suke. A buɗe ramukan fitar ruwa na ƙarƙashin waifa, a sa sabbin robobin waifa don kada tsofaffin su karce sabon gilashi.

Wani lokaci buɗewar takan nuna cewa tsatsa ta wuce leɓe ta cinye ginshiƙan kansu ko ƙarfen gaban rufi. A nan lissafi ya canza, domin waɗannan su ke ɗauke da rufin, kuma faci a kansu ba ya mayar da ƙarfin asali sai a hannun gwani da kuɗi mai yawa. Idan ƙasan mota da wurin zaman shokozoba su ma sun ruɓe, abin da ya fi shi ne a nemi wani bodi a mayar da inji da giya, ko a sayar da motar a matsayin kayan gyara tare da bayyana aibinta ga mai saye. Tuƙi da fasasshen gilashi ko babu gilashi laifi ne a dokokin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take aiki da su, saboda haka motar da ke jiran wannan shawara a gareji take zama, a rufe bakin tagar da leda ko tamfol don kada ruwa ya sauka a kan dashbod da wayoyi.